Amsoshin Tambayoyinku: Wane Keke Ya Dace da Yaro Mai Tasowa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Legas. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma dukansu a kan keken yara suke. Ga alama hutun makaranta da ya ƙarato ne ya sa iyaye suka fara leƙa kasuwa.

Ta farko wata baiwar Allah ce ta aiko daga Agege. Ta ce ɗanta shekararsa biyar, tun ƙaramar Sallah ya sa ta gaba da kukan keke. Da ta je wajen masu sayar da na gwanjo, mai kayan ya nuna mata guda biyu, ya ce wannan inci 16 ne, wancan inci 20, ya kuma ba ta shawara ta ɗauki babban tunda yaro girma yake yi, kada ta kashe kuɗi sau biyu. Tana so ta san mene ne wannan incin, kuma ko shawarar mai kayan tana kan hanya.

Hajiya, mun gode ƙwarai, Allah ya raya mana yaron. Incin da aka ambata miki faɗin ƙafar keken ne, wato taya daga wannan gefe zuwa wancan. Keken manya da girman firam, wato ƙarfen jikin keken, ake kiransa, amma na yara da taya ake bambanta shi: 12, 14, 16, 18, 20, 24, sai 26 wanda ya riga ya shiga sahun na manya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ke nan tayar inci 16 tana kusan santimita 40, ta inci 20 kuwa ta ɗan haura 50. Kuma ba sai kin jira bakin mai kaya ba. Ki sunkuya ki duba gefen tayar, za ki ga an rubuta 16 x 1.75 ko 20 x 1.95. Lambar farko ita ce girman, ta biyu kaurin tayar.

Shawararsa kuwa, Hajiya, ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Na san daga inda tunanin ya fito. Haka muka saba da kayan Sallah, a ce wa tela ya bar wa yaro wurin girma, wando ya yi tsawo a naɗe ƙafa, takalmi ya yi yawa a cusa auduga. To keke ba ya naɗuwa. Makon jiya na tsaya a bakin layinmu bayan la'asar ina kallon wani yaro da bai fi sa'an ɗanki ba, a kan keken da ya fi ƙarfinsa. Duk takun feda sai ƙugunsa ya zame daga wannan gefen sirdi zuwa wancan, don da kan yatsa kawai yake taɓo fedar. Hannayensa sun miƙe sambal, babu sauran lanƙwasar da zai yi kwana da ita. Da mai baro ya ɓullo masa daga lungu, sai ya kai yatsu birki, yatsun ba su kai ba. Ya nemi ƙasa da ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Sai ya karkatar da keken ya yi tsalle, ya faɗi dab da bakin kwata. Kin san kwatocin garin nan, a buɗe suke, ga zurfi, ga gefen siminti mai kaifi. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Amma da na sake ganin keken washegari a jingine yake a ƙofar gida, yaron yana zaune yana kallonsa. Wannan ita ce asarar da mai kaya bai faɗa miki ba, a sayi keke yaro ya ji tsoronsa, kafin ya kai hawansa tsatsa ta riga ta cinye sarƙar.

Ga abin da za ki yi kafin ki koma kasuwa. Ki manta da shekarunsa tukuna, domin ɗan shekara biyar wani dogo ne, wani gajere. Ki ari tef ɗin awo wajen tela. Ki sa yaron ya tsaya da takalminsa, bayansa jingine da bango, ya ɗan buɗe ƙafa. Ki ɗauki littafi mai kauri ki sa tsakanin cinyoyinsa, ki ɗaga shi sama har ya tokare, kamar yana zaune a kan sirdi. Ki auna daga saman littafin zuwa ƙasa, ki rubuta. Wannan awon ya fi komai muhimmanci, domin shi ne zai gaya miki iyakar tsayin sirdin da ƙafarsa za ta kai ƙasa daga kansa. Sannan ki auna tsayinsa gaba ɗaya.

Bisa kimantawa, yaron da tsayinsa ke tsakanin santimita 85 da 100, inci 12 ne nasa. Daga 105 zuwa 120, inci 16, kuma a nan yawancin 'yan shekara biyar suke faɗawa. Inci 14 yana tsakanin waɗannan biyun. Inci 20 sai yaro ya kai wajen 115 zuwa 135, inci 24 kuma daga wajen 130 zuwa 145. Za ki lura awon yana shiga juna, saboda kamfani da kamfani sukan bambanta wajen ƙirar firam, shi ya sa nake roƙonki ki tafi da yaron kasuwar, ko da zai ɗan wahalar da ke a motar haya ta danfo.

In kun je, a sauke sirdin zuwa ƙasa, ya hau. Tunda sabon koyo ne, tafin ƙafarsa biyu su zauna daram a ƙasa yana zaune. Ya sauko ya tsaya da sandar tsakiya a tsakanin ƙafafunsa, a samu tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da ita. Ya riƙe kan keken, gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe. Ya matsa birki da kansa ki gani, kada mai kaya ya matsa masa. Wasu kekunan ƙanana birkinsu a feda yake, in aka juya ta baya sai su tsaya, wannan yakan fi wa ƙaramin hannu sauƙi. Daga ƙarshe ki kwantar da keken a ƙasa ki ce ya ɗaga shi. In ya kasa, ya yi masa nauyi. Zancen girma kuma kada ya dame ki, sandar sirdi tana ɗaguwa, kuma keken da ya yi daidai yau da sirdi a ƙasa yakan kai yaro shekara biyu ko fiye.

Wasiƙa ta biyu daga wani bawan Allah ce da ke sana'ar kayan gwari a Mile 12. 'Ya'yansa uku, mai huɗu, mai bakwai da mai goma, yana so ya sayi keke ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Ya ƙara da cewa su da keken mahaifinsu suka koya, ba wanda ya auna musu ƙafa.

Malam, gaskiyarka, da yawanmu haka muka koya. Raleigh ɗin nan ta Nottingham a Ingila, da Phoenix ta ƙasar Sin, masu taya inci 28, yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya karkace yana tuƙawa. Amma ka tuna inda aka yi wannan koyon, fili ne fetal, ga yashi, in an faɗi a tashi a karkaɗe jiki. Naka yaran tsakanin okada da Keke Marwa, wato a-daidaita-sahu, za su hau, a kan titin da ba shi da gefe.

Keke ɗaya ba zai yi wa su ukun ba, tazarar ta yi yawa. Mai goma inci 24 yake nema, mai huɗu kuwa 12 ko 14. In aljihu bai kai ba, ka sayi inci 20 mai ƙwari domin na tsakiyan. In yayansa ba dogo ba ne sosai zai ɗan lallaɓa da shi idan an ɗaga sirdi, autan kuma ya gaje shi in ya kai. Sai dai a kula, jikin sandar sirdi akwai alamar da aka zana, kada a ɗaga ta wuce nan, domin tana iya lanƙwashewa ko ta fasa firam. Ranar da ka ga gwiwar babban tana dukan kan keken in zai yi kwana, ko ya dunƙule kamar mai zaman kujerar tsugune alhali sirdi ya kai maƙura, to ya wuce wurin. Shi kuma autan, in ka samu ƙaramin na gwanjo da araha, ka sa mai gyaran keke ya cire fedar biyu, ya sauke sirdi, yaro ya riƙa tura kansa da ƙafa yana ɗagewa. Haka zai koyi daidaita jiki, abin da ƙananan tayoyin gefe ba sa koya masa. In ya iya, a mayar da feda. Kowannensu kuma a nema masa hular kwano daidai kansa, don Allah kada a ɗauki wannan da wasa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani dattijo a Idi-Araba. Ya sayo wa keken jikarsa sabuwar taya, tsohuwar 24 sabuwar ma 24, amma mai faci ya yi juyin duniya ta ƙi zama a kan rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kansa.

Baba, Allah ya ƙara girma, ba laifin mai facin ba ne. Inci 24 ba iri ɗaya ba ne. A gefen taya akwai wata lamba ƙarama mai kashi biyu, kashin ƙarshen shi ne ainihin awon bakin rim da milimita. Taya mai 24 x 1.75 za ka ga 47-507 a jikinta, mai 24 x 1 3/8 kuma 37-540, irin wadda ake sa wa keken guragu na asibiti. Tsakanin 507 da 540 akwai fiye da santimita uku, ba yadda za a yi ɗaya ta hau rim ɗin ɗayar. Haka inci 20 yake, akwai 406 akwai 451. Ka mayar da wadda ka sayo, ka tafi da tsohuwar a hannu, a haɗa lambar ƙarshen nan ta zo ɗaya, tiyub ɗin ma a duba nasa. Tunda an riga an cire tayar, ka sa mai facin ya leƙa cikin rim ɗin, domin damina da iskar teku ta Legas daga ciki suke fara cin ƙarfe, kuma tsatsar nan ce take huda sabon tiyub tun bai yi mako ba.

Nan za mu dakata, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.