Yadda Ake Tace Hoton Wata Daga Bidiyo

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi hoton nan na hagu. Daga saman wani bene a Agege na ɗauke shi, da waya manne a bakin ƙaramin madubin hangen nesa. Wata ne dai, amma sai ka ce an shafe shi da man kaɗanya. Na dama kuwa, ga ramuka nan raɗau, kowanne da inuwarsa. Wayar ɗaya ce, daren ma ɗaya. Na hagun sau ɗaya na danna, na daman daga bidiyo na tace shi.

Kada ku ga laifin wayar. Hasken wata yana keto kusan kilomita 384,000 lafiya ƙalau, sai ya shigo iskar duniyarmu ya fara tangaɗi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire a Obalende ya san abin: ka kalli mutumin da ke bayan wutar, za ka ga fuskarsa na rawa. Iska mai zafi da mai sanyi ne ke cakuɗuwa suna karkata haske. A Legas kuwa kwanon rufi da kwalta sun sha rana wuni guda, da magariba su soma fitar da zafin, ga hucin janareta. In da hali, kada ka saita madubinka ta saman rufin maƙwabci.

Sai dai iskar takan ɗan lafa, kamar ƙiftawar ido. Mai danna hoto sau ɗaya sa'a kawai yake nema. Bidiyon da ke ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa kuwa, cikin minti 2 ya tara maka 3,600, kuma ba a rasa waɗanda suka dace da lokacin lafawar.

Kafin ka fara, ka kulle saitin gani da na haske, ka rage hasken har tabon jikin watan ya fito. Kuma ka yi hanzari, domin juyawar duniya kan sa wata ya gusa da faɗin kansa cikin kamar minti 2.

Saura aikin kwamfuta, da manhajoji uku na kyauta. PIPP ce ke kamo watan da ke yawo a bidiyon, ta tsayar da shi a tsakiya, ta yanke baƙin sararin da ba shi da amfani. Daga nan sai AutoStakkert, wadda Emil Kraaikamp na ƙasar Holan ya rubuta. Ita ce mai tankaɗe: ta jera hotunan daga mafi kyau zuwa mafi muni. Kun ga ƙananan akwatunan nan da ta zuba a fuskar watan? Kowane yanki take bi daban, domin iska na iya dama gefe guda ta bar wani gefen garau. Ni nakan ɗauki kashi 10 zuwa 25 cikin 100, in watsar da sauran, ko a jikina.

Me ya sa ba za a zaɓi mafi kyau guda ɗaya a huta ba? Saboda kowane hoto yana da ɗigo-ɗigon nan kamar tsaki, kuma ba wuri ɗaya suke faɗawa ba. In ka ɗora hoto 100 a kan juna, ɗigon ya ragu ninki 10, in 400 ne ninki 20. Ramukan kuwa suna nan inda suke.

Abin da zai fito zai yi laushi, kada ranka ya ɓaci. RegiStax ce za ta wasa shi. A nan mutane ke yin zari, su ja ma'aunin har ƙarshe, watan ya koma kamar ƙanzon tuwo. Da ka ga farin zobe ya fito a bakinsa, ka koma baya.

Daren 14 ga wata, da kowa ke ɗaga waya, shi ne mafi rashin armashi, domin rana na dukan fuskar watan kai tsaye, babu inuwa. Ka fito daren 7, bayan magariba, lokacin yana can sama sosai, ka bi iyakar haske da duhu. Fitilun Legas ba sa hana komai, hazo mai kauri da gajimaren damina ne abin dubawa. Daren 9 ko 10 kuma ka nemi ramin Copernicus, ga shi nan a allo. Faɗinsa kilomita 93, ya ɗara tazarar Agege zuwa Abeokuta.