Me ya sa batirin ƙararrawar ɓarayi yake mutuwa tsakar dare?

[Akwatin ƙararrawa a buɗe, kyamara na matsowa kan batir]

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan baƙin batirin da ke zaune a ƙasan akwatin. A jikinsa an rubuta 12V 7Ah. Tambayar da ake ta yi kwanan nan a kansa ita ce: an saka sabo, bai yi wata uku ba, me ya sa da an ɗauke wuta da dare sai allon maɓallai ya hau ƙara yana hana mutan gida barci, kafin asuba komai ya mutu? Wasu sun ce jabu aka sayar musu. Wasu sun sayo wanda ya fi shi girma, shi ma ya bi sahu. A mafi yawan gidajen nan batirin ba shi da laifi. Akwai wani lissafi da aka tsallake, kuma a kansa za mu tsaya.

Bari mu bi hanyar wutar a gurguje. Daga bango tana shigowa da 230V, ta faɗa wannan taransfomar. A na'urori da yawa, irin na kamfanonin DSC da Honeywell, taransfomar tana sauke ta zuwa 16.5V, kuma ƙarfinta 40VA. Allon cikin akwatin ya mayar da ita wutar batir, ya raba gida biyu: kashi ɗaya ya ciyar da kayan aiki, ɗayan ya yi cajin batir a kan 13.6 zuwa 13.8V. Da an ɗauke wuta, batir ya ɗauki nauyin komai nan take.

[Yatsa a kan rubutun 7Ah]

To, 7Ah ba awa bakwai ba ne. Ah amfiya sau awa ne, ma'aunin abin da ke cikin batirin, kamar a ce randa mai cin bokiti bakwai. Tsawon lokacin da za ta yi ya danganta ga yawan masu ɗiba. Kamfanoni suna auna shi a kan awa 20: batirin 7Ah zai ba da amfiya 0.35 na tsawon awa 20 kafin ya sauka zuwa 10.5V. In aka ja fiye da haka, abin da zai bayar bai kai bakwai ɗin ba.

Su wa ke ɗiba? Kowa hankalinsa na tafiya kan jiniya, don ita ce mai baki. Jiniyar da ke jan amfiya 0.8, in ta yi minti 15 tana ihu, 0.2Ah kacal ta ci. Masu cinye batir su ne waɗanda ba a jin motsinsu, suna tsotsa dare da rana ko an kunna tsaro ko ba a kunna ba.

[Takarda da biro, ana rubutawa]

Mu ɗauki gida mai matsakaicin girma. Waɗannan lambobin misali ne, ku duba takardar kayanku ku saka naku. Allon akwati, miliamfiya 100. Allon maɓallai guda ɗaya mai haske, 90. Idon motsi, wato na'urar da ke gane motsin mutum, guda shida, kowanne 15, ya zama 90. Na'urar layin waya da ke turo saƙo, 70. Maganaɗisun ƙofa da taga kada ku wahalar da kanku, abin da suke ci bai kai a lissafa ba. Jimla 350, wato amfiya 0.35.

In takardar ta ɓata, ko ba ku yarda da ita ba, ga mita. Ku juya ta kan ma'aunin amfiya na wutar batir, ku cire jar wayar batirin, ku saka mitar a tsakani, sannan ku kashe wutar bango. Lambar da ta fito ita ce gaskiyar gidanku. A ganina wannan ya fi takarda, domin masu gida kan ƙara ido biyu ko uku bayan shekara guda, ba wanda ya sake lissafi.

Yanzu a ninka da awannin da ake son ya riƙe. Awa 12 sau 0.35, ya ba da 4.2. A ƙara na jiniya, 4.4. A ninka da 1.25 saboda tsufa, ya zama 5.5Ah. Batirin 7Ah ya wadatar. In awa 24 ake so, 8.4 ne, da na jiniya 8.6, sau 1.25, kusan 10.8. Nan sai 12Ah ko 17Ah.

Har zuwa nan lissafin daidai yake, kuma shi ne za ku gani a littafin na'urar. Ƙa'idar Turai, EN 50131, ta nemi batir ya riƙe awa 12 ga matakin tsaro na biyu, wanda yawancin gidaje suke ciki, ta kuma ba wa caja har awa 72 ta mayar da batirin kashi 80 cikin ɗari. Ku riƙe wannan lambar: awa 72. Kwana uku cur da wuta. An tsara na'urar ne don ƙasar da ake ɗauke wuta jefi-jefi, sannan a bar batir ya huta ya ƙoshi.

[Randa biyu: ana zuba wa ɗaya ruwa da ludayi, ana ɗiba da kofi]

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu tafi a hankali. A Kano ko Kaduna ko Gusau, tambayar ba ta tsaya kan awa nawa batir zai riƙe sau ɗaya ba. Tambayar ita ce: abin da ke fita kullum da abin da ke komawa kullum, wanne ya fi yawa?

Cajar da ke jikin allon akwati ƙarama ce. A wasu na'urorin DSC, miliamfiya 400 take bayarwa, in an sauya saiti ta kai 700. Mu ɗauki gidan da ke rukunin D a tsarin NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, inda alkawarin shi ne awa 8 na wuta a rana. Saura awa 16 batir ne ke aiki. 16 sau 0.35, ya fitar da 5.6Ah. Wuta ta dawo, caja ta yi awa 8 tana zuba 0.4, ta mayar da 3.2Ah. Kuma ba duka ke zama a ciki ba, wani yana tafiya a zafi. Kullum ana bin batirin bashin aƙalla 2.4Ah.

Ku kalli abin da ke faruwa da 7Ah. Daren farko ya kai safiya da ƙyar. Rana ta biyu ya fara da rabin ciki, ƙarfe biyun dare ya faɗi. Daga nan kullum a ƙasa yake kwana. Irin wannan batirin na dalma, in ya daɗe ba a cika shi ba, wani farin gishiri yana daskarewa a farantan cikinsa, kuma in ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Shi ya sa a wata uku batirin 7Ah yake komawa kamar na 2Ah, alhali mita tana nuna sha biyu da ɗoriya in ba a ɗora masa kaya ba.

Mai gida ya ce a kawo 17Ah. Randa ta ƙara girma, amma ludayin da ake zubawa da shi bai canza ba. Bashin 2.4 yana nan kullum, kafin mako ya zagayo babban ma ya kai ƙasa. An kashe kuɗi ninki biyu ko fiye, an sayi kwana biyar.

Saboda haka lissafi biyu ake yi. Na farko girman batir. Na biyu: awannin wuta sau ƙarfin caja, dole ya zarce abin da aka ci da kamar kashi 20 cikin ɗari. A misalinmu 5.6 ya zama 6.7, a raba da awa 8, ana bukatar caja mai ba da amfiya 0.85 ko fiye. Ko saitin 700 bai kai ba. A gidan rukunin A mai awa 20 kuwa, 1.4Ah ne ke fita, caja ta cike shi cikin 'yan awanni, ba wata damuwa.

[Inbata a bango, waya na tafiya zuwa akwatin]

Mafita mafi sauƙi, in akwai inbata ko sola a gidan, a jona taransfomar ƙararrawa a layinsu. Duka na'urar wat goma ne ko ƙasa da haka, kamar ƙwan fitila guda. Batirin cikin akwati sai ya koma aikin da aka yi shi dominsa, wato jiran ranar da komai ya ɗauke ko ɓarawo ya yanke waya. In babu inbata, a saka akwatin wuta na daban mai caja amfiya 2 ko 3 da batirinsa, a mayar da idanun motsi da na'urar layin waya kansa, a haɗa baƙar wayarsa da ta allon akwati don su yi magana ɗaya. Kuma in batir zai riƙa aiki kullum, a zaɓi wanda abin da ake ci a rana bai wuce rabinsa ba: 5.6 a rana yana son 12Ah zuwa sama.

Sauran a taƙaice. Kada a wuce iyakar da aka rubuta wa mafitar 12V ta allon, in an wuce fis zai tsinke ko caji ya ragu. Kada a haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai zuƙe sabon. Batirin mota ba na nan ba ne: yana fitar da iska mai kama wuta, kuma ba a yi shi don a riƙa sauke shi ƙasa ba. Na litiyam sai in kamfanin na'urar ya amince. In wutar unguwa tana zuwa da rauni, taransfoma ba za ta kai 16.5V ba, fitilar wuta na ci amma caji ba ya shiga, nan sitabilaiza ake nema.

Sai zafi, wanda nake roƙon masu haɗawa su ɗauka da muhimmanci. An auna rayuwar batirin a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba ta biyu. Akwatin da aka ɓoye cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, gasa batir ake yi. A nema masa ɓoyayyen wuri a cikin ɗaki, inda iska ke zagayawa.

[Hannu na kashe makunni, mita a kan batir]

Ga gwajin da za ku yi yau. In wuta na nan, 13.7 da mita ke nunawa na caja ne, ba na batir ba. Ku sanar da mutan gida, ku kashe wutar bango, ku bar mitar a kai. Lafiyayyen batir zai sauka zuwa wajen 12.6 ya tsaya. Ku kunna jiniya na minti ɗaya. In ya gangara ƙasa da 12, ko allon maɓallai ya ɗauke ya dawo, a canza shi. Sabon da za ku saka, ku rubuta kwanan wata a jikinsa da maka, ku rubuta lambar miliamfiyar da kuka auna a cikin murfin akwatin.