Turjiyar da Ba Ta Ɗaukar Zafi

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Injiniya Bashir, ina so mu fara da abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Eriya dai sandar ƙarfe ce, to me ya sa a takarda kuke zana ta a matsayin ƙananan kayan lantarkin nan uku, wato resista mai rage gudun wuta, da kwayil, naɗaɗɗiyar waya, da kafasito mai ajiye caji?

Bashir: Malama, na'urar watsa shiri ba ruwanta da siffar eriya. Abin da ya dame ta shi ne yadda wuta ke gudana a bakin wayoyi biyun da aka haɗa ta da su, saboda haka idan muka jera waɗannan kayan uku suka karɓi wuta daidai yadda eriyar ke karɓa, lissafi ya zo da sauƙi. Tunanin kuwa daɗaɗɗe ne, domin masanin kimiyya Helmholtz na Jamus ya bayyana shi a 1853, injiniya Thévenin na Faransa kuma ya sake gano shi a 1883.

Hadiza: Amma resista zafi yake yi, eriya kuwa ba zafi muke nema daga gare ta ba.

Bashir: Nan gizo ke saƙar. Eriya mai hannu biyu wadda tsawonta ya kai rabin zango, wato rabin tsawon igiyar rediyo guda, tana nuna turjiya irin ta resista kimanin om 73, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya, sai dai ko an taɓa ƙarfen ba za a ji ɗumin wannan turjiyar ba, domin lissafi ne na ƙarfin da ya fice zuwa sarari. Akwai wata turjiyar kusa da ita, ta asara, ita ce ke ɗumama ƙarfen. Idan aka gajarta eriyar zuwa kashi ɗaya cikin goma na zango, turjiya mai amfani takan faɗo zuwa wajen om 2, sai ɗan tsatsa a bakin kusoshi ya soma cinye rabo mai tsoka. A ganina wannan shi ne babban amfanin zanen, ya nuna ina ƙarfin ke tafiya.

Hadiza: To kwayil da kafasito fa?

Bashir: Su ne ke wakiltar ƙarfin da ke kai-komo a gefen eriyar bai tafi ba. A megahaz 100, wato igiya mai kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, zango mita 3 ne, rabinsa mita ɗaya da rabi, amma mukan datse kimanin kashi 5 cikin ɗari domin tasirin kwayil da na kafasito su soke juna.

Hadiza: Idan aka matsa zuwa wani zango mai nisa fa?

Bashir: Sai a sake lissafi, Malama, domin alƙaluman sun tashi aiki.