Lacca: Kayan Aikin da Ake Bukata Wajen Binciken Sukari da Furotin Mai Ɗauke da Sukari

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Mu ɗauki ƙaro mu yi misali da shi, tunda a Borno da Yobe da Jigawa ake tsintarsa a jikin dakwara, haka ma a Kordofan ta Sudan. Ƙaro sarƙa ce ta sukari huɗu: galaktos, arabinos, ramnos da asid na gulukuronik, sai ɗan furotin da bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Wannan ɗan furotin da sukari ya lulluɓe shi ne ke riƙe mai da ruwa a lemon kwalba kada su rabu. To me ɗakin gwaji ke bukata kafin ya ce ga abin da ke cikin ƙaro?

Ruwa ne farko, ba babbar na'ura ba. Ana son ruwan da mitar injin tacewa ta nuna 18.2, a ɗebo shi ranar da za a yi aiki. Dalili kuwa, sukari na ko'ina. Zaren auduga, takardar goge hannu, hodar cikin safar roba, duk gulukos ne a sarƙe, kuma asid na taɓa su za su warware. Ɗalibin da ya ga gulukos mai yawa a sakamakon ƙaro, ya fara zargin kwalabensa tukuna. Shi ya sa kowane gwaji sai an haɗa da kwalba ɗaya da ba samfur a ciki.

Na biyu, polarimita, na'urar da ke auna yadda samfur ke karkatar da haske. Ƙaron dakwara yana karkatar da haske hagu, kusan digiri 30, na dushe kuwa dama yake karkatarwa. Cikin mintuna za ka gane ko an yi maka gauraye.

Sai auna jimillar sukari da gwajin finol da asid na salfa, wanda aka wallafa tun 1956. Mililita 1 na samfur, mililita 1 na finol mai ƙarfin kashi 5, sannan mililita 5 na asid. A nan ake yawan kuskure: asid ɗin a tsakiyar ruwan ake zuba shi, da sauri, ba a gefen kwalba a hankali ba, domin zafin da ke tashi shi ke fito da launin ruwan goro. A bar shi minti 10, a girgiza, ya huce, a karanta ƙarfin launin a na'urar auna launi, da haske mai tsawon zango nanomita 490. Kuma kada a auna ƙaro da ma'aunin gulukos alhali galaktos da arabinos ne suka fi yawa, don kowane sukari da ƙarfin launinsa.

In ana son sanin kowane sukari nawa ne, dole a tsinka sarƙar. Ana dafa samfur da asid na TFA (tirifuloroasetik), mai ƙarfin mola 2, a digiri 121, awa 1 zuwa 2, cikin kwalba mai murfin da ba ya yoyo, sannan a busar da iskar naitirojin. Arabinos na saurin fita, yana kuma saurin lalacewa, gulukuronik kuwa yana manne da galaktos ya ƙi saki. Lokaci ɗaya ba zai gamsar da su duka ba, sai a gwada lokuta biyu ko uku a kwatanta. Asid na siyalik kuwa, wani sukari da ake samu a jikin furotin na dabbobi, bai jure wannan wuta ko kaɗan. Nasa asid na asetik ne, mola 2, digiri 80, awa 3. Siyalik ɗin nan shi ne sukarin da marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin yadda ƙwayar cutar sammore ke yanke shi daga jikin ƙwayoyin jini.

Na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC mai aiki da ruwan soda tana raba waɗannan sukari ba tare da an yi musu alama ba. Amma soda na shan iskar kabon, in ta sha sai ka ga sukarin suna fitowa da wuri, suna hawa kan juna. Kada a narkar da ƙwayoyin soda, a sayi ruwanta mai kashi 50, a rufe tulun da naitirojin.

Wani abu a gefe: sinadarin PNGase F da ake cire sukari da shi daga furotin na jini, a digiri 37 har kwana, ba ya yanke yawancin na tsirrai. A ƙaro ma ba shi da aiki, domin sukarinsa ta wata mahaɗa daban ya kama.

Game da na'urar auna nauyin ƙwayoyi, irin MALDI, ra'ayina shi ne kada kowane sashe ya nace sai ya mallaki tasa. Famfunan da ke zuƙe mata iska ba a kashe su dare da rana, in wuta ta ɗauke kuma sai an jira awanni kafin ta koma daidai. Kuɗin ya fi amfani a inbata da batir, da firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, da injin busarwa cikin sanyi. Samfurin da aka busar haka, aka rufe da ƙwayoyin shan danshi, zai yi tafiya daga Maiduguri zuwa cibiyar da ke da na'urar ba tare da ƙanƙara ba.