Shafi na Uku: Lacca Kan Jerin Lambobi Mai Fuska Da Yawa a Manhajar R

Assalamu alaikum. Kowa ya buɗe kwamfutarsa, wanda bai zo da ita ba ya matsa kusa da na gefensa.

Makon jiya mun tsaya a kan tebur mai layin kwance da layin tsaye. Yau za mu ƙara masa fuska ta uku. Ku tuna da rajistar malamin firamare: sunayen yara a jere, ranaku a sama, kowane aji kuma da shafinsa. To, abin da R, harshen kwamfuta na aikin ƙididdiga, ke kira array ke nan. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro R a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, sun kuma gaji wannan tsari daga wani harshen kwamfuta da ya riga shi, mai suna S.

Ku rubuta array(1:24, dim = c(2, 3, 4)). Kun gani? Shafi huɗu, kowanne layi biyu a kwance, uku a tsaye. Ku duba inda 2 ta faɗa: ƙarƙashin 1 take, ba gefenta ba. R daga sama zuwa ƙasa yake cikawa, sai ya gama layin tsaye ya koma na gaba. Kuma in gurbi 24 ne ka ba shi lambobi 12, zai maimaita su ya cike ba tare da ya ce maka uffan ba. Wannan ya sha cutar mutane.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ku rubuta UCBAdmissions, yana nan cikin R tun asali. Bayanan mutum 4,526 ne da suka nemi gurbin karatun gaba da digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, a manyan sassa shida, masu laƙabin A zuwa F. Fuska ta farko, an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Ta biyu, namiji ko mace. Ta uku, sashe.

Mu rufe shafukan, mu tara su wuri guda da apply(UCBAdmissions, c(1, 2), sum). Maza 2,691 suka nema, aka ɗauki 1,198, wato kusan kashi 45 cikin ɗari. Mata 1,835, aka ɗauki 557, kashi 30. Na ga wasunku mata sun fara girgiza kai, kuma da gaskiyarku, ni ma ranar da na fara gani raina ya ɓaci.

To a buɗe shafin farko: UCBAdmissions[ , , "A"]. Mata 108 suka nema, 89 suka samu, kashi 82. Maza kuwa kashi 62. Ku bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A sassa huɗu cikin shida, kason mata ya ɗara na maza. Me ya faru? Galibin matan sun nufi sassan da ƙofarsu ke da ƙunci ga kowa. A sashen F, mata 341 suka nema, 24 kacal suka shiga, maza ma 22 cikin 373. Masana ƙididdiga na danganta wannan juyi da sunan wani masanin ƙididdiga, Edward Simpson. Lissafin farko ba ƙarya ya yi ba, mu ne muka danne fuska ta uku da hannunmu. Me ya sa matan suka taru a can, wannan tambaya ce mai nauyi, amma ba wanda zai yi ta in bai buɗe shafukan ba.

Abu ɗaya kafin sallah. In ka ciro shafi guda, R zai zubar da wannan fuskar, ya miƙo maka tebur mai fuska biyu. Wata ɗalibata ta kwana biyu tana neman abin da ya karya mata aiki, ashe wannan ne. Ku ƙara drop = FALSE a cikin bakan [ ], fuskokin za su zauna yadda suke.

In mun dawo, za mu juya jerin da aperm, sashe ya dawo gaba. Mai tambaya ya ɗaga hannu.