Kafin mu sayi siminti, a biya malaman Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan, barkanmu da haɗuwa. Waɗanda suka kamo hanya daga Manchester da Leicester tun asuba cikin wannan sanyi, Allah ya saka da alheri, ya mai da ku gida lafiya.

Maganar kuɗin da muka tara wa makarantar yaran 'yan gudun hijira a Gadarif, can gabashin Sudan, ce ta tashe ni. Kwamiti ya kawo shawarar a gina ajujuwa, a kafa allo mai sunan ƙungiya a bakin ƙofa. Na san sun yi da kyakkyawar niyya. Amma ina roƙon wannan zaure ya juya shawarar: a fara da albashin malaman da ke koyarwa a can, wata-wata, shekara guda cur. Abin da ya yi saura sai a kai wa magina.

Yaranmu da aka haifa a nan za su ce me ya haɗa mu da Sudan. Ku tambayi kakanninku. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu, alhazan ƙasa sun yi ta yada zango a hanyar Makka, wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun dawo sun zauna. Shi ya sa za ka shiga kasuwa a Gadarif ko Kassala ko Damazin ka ji ana ciniki da Hausa. Namu ne, ba baƙi ba.

Ran 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojan ƙasar ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun mataimakinsa Hemeti. Kafin shekarar ta ƙare, UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun Hemeti a Disambar 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwarara Gadarif a ƙafa da kan akori-kura. Ina aka sauke su? A makarantu. Aji ya zama ɗakin kwana, allon bango ya zama wurin rataye kaya. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar gama sakandare a 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama, su ma waɗanda ke inda aka iya shirya ta ke nan.

Malamai fa? Tun kafin a harba harsashi ɗaya suna yajin aiki kan albashi, a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Da yaƙi ya zo, a jihohi da dama albashin ya tsaya cak na watanni. Inda ya ci gaba da fita kuma, fam ɗin Sudan ya narke a hannunsu: dalar da ake saya wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage cikin 2024. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da lissafi sai ka gan shi yana tura baro ko yana sayar da gawayi. Ba laifinsa ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To ga abin da na daɗe ina lura da shi wajen masu ba da taimako, har da mu. Muna son abin da za a ɗauka a hoto. Gini yana shiga hoto, buhun shinkafa yana shiga, jakunkunan makaranta masu tambari suna shiga. Albashi ba ya shiga. An biya, an ci, wata ya ƙare, sai kuma a sake biya. Babu wanda ke yanka zare saboda an biya malami kuɗin watan Rajab. Saboda haka sai a riƙa kiran malaman sansani 'yan sa-kai, a miƙa musu ɗan ihsani in an samu, in ba a samu ba a ce su yi haƙuri, Allah zai biya su. Allah zai biya su kam. Amma hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ban ji an cire malamin makaranta daga ciki ba.

Ku dubi gabashin Chadi, inda dubban ɗaruruwan mutanen Darfur suka tsallaka ta garin Adre na kan iyaka. Chadi ta yi ƙoƙari; tun 2014 makarantun sansani suke bin manhajarta. Amma malamin da ke gudun hijira ba ma'aikacin gwamnati ba ne, alawus ɗinsa daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa, kuma yana rataye ne da wa'adin shirinsu. Da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, irin wannan alawus na cikin abubuwan da suka girgiza. A Yaman ma, mafi yawan malaman arewacin ƙasar albashinsu ya yanke tun 2016, sai a 2019 UNICEF ta fara ba su dala 50 a wata don kada su watse gaba ɗaya. Mu 'yan Najeriya kuwa ba sai an ba mu labari ba. A 2017 UNICEF ta ƙidaya malamai sama da 2,295 da aka kashe a arewa maso gabas tun 2009, wasu 19,000 suka bar gidajensu. An sake gina makarantu masu kyau a Borno, wasu har da bene. Ku tambayi 'yan Maiduguri da ke cikinmu ko samun ƙwararren malamin da zai yarda ya koma Bama ko Gwoza ya zo da sauƙi kamar samun ɗan kwangila.

Iyayenmu sun gane wannan tun ba a san takardar albashi ba. Kuɗin Laraba da muke kai wa malamin allo ba su taka kara sun karya ba, amma Laraba ba ta taɓa fashi. Malam ya san za su zo, ya gina cefanensa a kai. Tabbacin nan shi nake so mu ba malaman Gadarif.

Yanzu ga yadda nake ganin za a yi, don kada a ce na zo da wa'azi kawai. Shugaban makarantar da kwamitin iyaye su aiko da sunayen masu koyarwa, da ajin kowa, mu kuma mu sa wani daga cikin 'yan'uwanmu na Sudan ya tabbatar ta waya. A yanke adadin da fam ɗin Ingila, a canza shi ranar da za a tura, domin in muka yanke da kuɗin Sudan, kafin wata shida ya zama rabi. A tura wa kowa kai tsaye ta Bankak, tsarin tura kuɗi ta waya na Bankin Khartoum, wanda kusan kowa ke amfani da shi a can, kada ya bi ta hannun mutum ɗaya ya raba. In layi ya ɗauke, kamar yadda ya faru a Fabrairun 2024, a san tun yanzu ɗan kasuwar da za a bi ta hannunsa, da shaidu. Rana ɗaya a wata, ba ta motsi. Kuma har da watannin hutu, don ciki ba ya hutu.

Abin da ya fi wuya shi ne nawa. A nan nake so mu yi hattara da alherinmu. In muka biya ninkin abin da gwamnatin jiha ke ba nata malaman, gobe za mu kwashe mata ƙwararrun, mu gyara makaranta ɗaya mu kashe uku. In muka biya ƙasa da kuɗin hatsin wata, mun ci zalin su da sunan taimako. A tambayi ma'aunin albashin jihar, a tambayi kuɗin dawa da mai da haya a kasuwar Gadarif, a tsaya a tsakani. Malama da malami masu aji iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Ɗan gudun hijira da ɗan gari, haka. Yarinyar da ta gama sakandare take riƙe da 'yan aji ɗaya ba za ta karɓi daidai da mai shaidar koyarwa ba, amma ba za ta tashi hannu rabbana ba.

Baba da ke gaba ya faɗa mini ɗazu a bakin ƙofa cewa biyan malamai aikin hukuma ne, in mun ɗauka sai yaushe za mu sauke. Gaskiya ka faɗa, Baba, kuma shi ya sa na ce shekara guda, a rubuce, malaman su san farkonta da ƙarshenta. Wata uku kafin ta cika mu zauna mu duba: in albashin gwamnati ya dawo, mu janye a hankali, in bai dawo ba, mu ga abin da aljihu zai iya. Abin da ba na so shi ne mu fara da zafi mu yi shiru a wata na huɗu, bayan mutum ya ajiye baronsa saboda maganarmu.

Su kuma ajujuwan, rumfar zana za ta riƙe yaran zuwa damina, kuma iyayensu sun iya kafa ta ba da kuɗinmu ba.

Hajiya ma'aji tana da lissafin abin da ke asusu, za ta karanta mana yanzu. Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon bayan ta gama a sa shawarwarin biyu a ƙuri'a kafin mu tashi sallar la'asar. Wassalamu alaikum.