Bawan da Ke Raka Yaro Makaranta: Galatiyawa 3:24

'Yan'uwa, barkanmu da war haka. Da sassafe in ka bi ta Tumfure a Gombe, za ka ga wani dattijo riƙe da hannun yaro, jakar littattafai a kafaɗarsa, suna jiran motoci su wuce. Ba shi ya haife shi ba, kuma ba shi zai koyar da shi a aji ba. Amma yaron ya kuskura ya kauce hanya, zai ji a jikinsa.

Irin wannan mutum Bulus yake nufi a wasiƙarsa ga ikkilisiyoyin Galatiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda ya kira Shari'a, wato Shari'ar Musa, paidagogos. Kalmar Helenanci ce, ma'anarta mai jagorar yaro. A gidajen masu hali na zamanin Bulus, bawa ne, sau da yawa tsoho. Tun yaro yana da shekara 6 ko 7 ake danƙa masa shi har ya balaga. Shi ke kai shi wurin malam, ya jira, ya dawo da shi. Shi ke koya masa gaisuwa da zama gaban manya, ya raba shi da abokan banza, kuma sanda ba ta barin hannunsa. Malamin aji kuwa sunansa daban ne, didaskalos.

Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta Sarki James ta 1611 ta fassara paidagogos da malamin makaranta, shi ya sa har yau wasu masu wa'azi suke ɗauka a gaban Shari'a za mu zauna ɗaukar darasi har abada. Wannan yana damuna ƙwarai. Bulus da kansa ya ce Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim, kuma ba ta soke shi ba. Rakiya aka ba ta, ta tsare mu har Almasihu ya zo. Masu zaginta su ma su yi hattara. Wane ɗan kirki ne zai girma ya raina tsohon da ya tsallakar da shi titi?

A sura 4 Bulus ya kawo misalin magajin da dukiyar gida duka tasa ce, amma yana hannun waliyyai da wakilai sai ranar da mahaifinsa ya sa. Ranar ta zo, in ji Bulus, da Allah ya aiko Ɗansa. Yaron da aka saba ja da hannu ya shiga gida, ya kira Allah "Abba", wato Uba.